Gadon Rijiya Mai Baki Tara

Igiya ta ƙare, ƙafar Cindo ba ta taɓa ƙasa ba.

Ya tsaya yana lilo cikin duhun rijiyar, hannu ɗaya riƙe da igiyar da ke ɗaure a ƙugunsa, ɗayan yana laluben bango. Shekara ashirin da biyu yana yashe wannan rijiya, ya san kowane dutse nata. Zurfinta gaba ashirin da huɗu ne. Yau ya sauka talatin, har yanzu iska ce a ƙarƙashin tafin ƙafarsa.

"Nomau," ya yi kira sama. "Ƙaro igiya."

Can sama, inda bakin rijiyar ya koma kamar faifai, kan taubashinsa Nomau ya leƙo.

"Wace igiya kuma? Barci kake yi a hanya? Ka taka ƙasa mana, ragon banza."

"Babu ƙasan. An ɗauke."

"An ɗauke me?"

"Gindin rijiyar. Ka sa a bi gida-gida a kwaso igiyoyin guga. Ai tun da kuka samu famfonku ba abin da suke yi sai ɗaurin awaki."

Wannan ita ce Rijiya Mai Baki Tara ta Birnin Gazori, wadda ta girmi ganuwar birnin. Kakanni ne suka gitta mata manyan itatuwan ƙirya suka raba bakinta tara, kowace unguwa da nata, har igiyoyi suka ci itacen suka yi masa zane mai zurfin yatsa. A shekarar nan aka kawo famfo. Aka haƙa rami a yammacin gari, aka zura bututun ƙarfe, aka kafa wani inji mai tari da hayaƙi, aka kai kawunan famfo bakin kasuwa da kowace mararraba. Murɗawa kawai, ruwa ya zubo. Mako biyu ba a yi ba kowa ya rataye gugansa. Nomau kuwa, da ya samu aikin tsaron famfon kasuwa har da hula, shi ne da hannunsa ya rufe bakunan tara da kwanon rufi ya danne da duwatsu, wai kada awaki su faɗa.

Ranar da rijiyar ta kwana arba'in a rufe, famfo ya yi tari, ya tofar da laka, ya yi shiru. Aka ruga rijiya aka yaye kwano, ba ko ɗigo. Ƙananan rijiyoyin cikin gidaje ma suka ƙafe a yini ɗaya. Yau kwana uku ke nan, ga rani ya tsaya, kogi mafi kusa tafiyar kwana biyu. Dattawa sun yanke magana: in la'asar ta yi ba ruwa, kowa ya ɗaure kayansa a bar garin. Abin da ya sa Cindo ya sauka ke nan, da kurɓi ɗaya da ya yi tun jiya da safe.

Igiyoyi suka zo, Nomau ya yi ta ƙullawa yana saki. A gaba hamsin duhu ya fara sirkuwa da wani haske kore. A gaba sittin bangon rijiyar ya buɗe ta ko'ina, Cindo ya sauka kan farin yashi mai sanyi.

Wani fili ne da ido bai kai ƙarshensa ba. Sama da shi rufin dutse, a jikin rufin kuwa wani farin kifi mai girman rumbu uku yana ninkaya a hankali daga gabas zuwa yamma, hasken na fita daga jikinsa. Cindo ya manta da ƙishinsa, ya saki baki yana kallo. Sai ya ji nishi a bayansa.

Wani tsoho ne wanda tsawonsa bai wuce turmi ba, gemunsa kore shar har ƙasa, yana naɗe wani abu baƙi kamar tabarma. Cindo ya matsa ya duba. Laka ce, da ɓaraguzan tulu, da sawun ƙafa mai yatsa shida. Sawunsa ne na yasar bara. Gindin rijiyar ne ake naɗewa.

"Salamu alaikum, baba."

Tsohon ya juyo, ya dube shi sama da ƙasa, ya dafa ƙirji. "Amin, alaikas salam, ya kai mamaci. Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta. Kai ne na farkonku da ya iso. Ina sauran?"

"Allah ya ba ka yawan rai, ni da raina na zo."

"Duk haka kuke cewa a kwanakin farko." Idon tsohon ya sauka kan ƙafar Cindo. "Af, na san ƙafar nan. Kai ne mai zuwa duk rani ka kwashe mana shara. Ni ne Gansakuka, mai tsaron gindin rijiya. Rasuwarka ta taɓa ni."

"Baba, wa ya ce maka mun mutu?"

"Ku kuka faɗa. Shekara ɗari huɗu gari bai taɓa wayewa guga bai sauko mana ba. Shekarar yunwa ya sauko. Shekarar annoba ma an samu wata tsohuwa ta jefo nata. Sai rana ɗaya haske ya ɗauke, aka rufe bakin aka danne da duwatsu, yadda kuke yi wa kabari. Muka yi muku uku, muka yi bakwai, muka yi arba'in. Yanzu rabon gado ake yi."

"Gadon me?"

"Ruwan mana. Mamaci na shan ruwa ne?"

Tsohon ya ci gaba da cewa shugabarsu, Uwar Ido, idanu tara gare ta, kowane ɗaya shi ke shayar da baki ɗaya na rijiyar. Ta rufe takwas, an kora ruwansu wajen magada. Na tara zai rufu idan farin kifin ya taɓa bangon yamma, wato la'asar ɗin mutanen sama. Daga nan ba buɗewa.

"Nuna mini hanyar fadarta."

Gansakuka ya ƙare masa kallo. Sannan ya matse gemunsa, wani mai ya fito, ya shafa wa igiyar. "Ba za ta ƙare ba. Amma kada ka kwance ta ko me ka gani. Wanda ya kwance igiyarsa ya zama namu. Bi inda yashi ke da lema."

"Baba, kifin nan, me yake ci?"

"Tafi, mamaci. Tambayarka ta yi yawa."

Cindo ya kama hanya da sassarfa, igiya na biye da shi kamar wutsiya. Bai yi nisa ba hanyar ta gangara wani kwari mai itatuwa ba ganye. A kowane reshe guga ne a rataye: na fata, na ƙwarya, na garwa, wasu irin ɗinkin da tun yana yaro ba a yin sa. Duk gugan da ya taɓa tsinkewa ya faɗa rijiyar ya ɓata, nan yake. Yana sa ƙafa a kwarin suka ɗauki magana, kowanne da muryar mai shi.

"Mai yasa, ciro ni."

"Bawan Allah, ni na fara faɗowa."

"Cindo, ni ne na gidan Jatau, ka manta ni?"

Hannun mai yasa ba ya ganin guga ya wuce. Kafin ya yi tunani ya riga ya miƙa ya taɓa wani jan guga mai ado a baki. Nan take guntayen igiyoyinsu suka zazzago daga rassan suka nannaɗe tasa, goma, hamsin, ɗari, kowa na ja wajensa. Ƙullin ƙugunsa ya matse har numfashinsa ya sarƙe. Yatsunsa suka kai kan ƙullin da kansu. Ja ɗaya zai yi ya huta.

Ya janye hannun, ya tattaro sauran numfashinsa, ya yi magana irin wadda yake yi a bakin rijiya duk ranar yasa.

"Kun san ƙa'ida. Ba na ciro guga sai mai shi ya tsaya a baki ya faɗi alamarsa. Ina masu ku? Kowa ya kira nasa."

Kwarin ya yi tsit. Masu su sun daɗe a ƙasa, wasu ma jikokinsu sun bi su. Igiyoyin suka saki ɗaya bayan ɗaya, suka koma suka rataye kamar an zuba musu ruwan sanyi. Cindo ya wuce kansa a sunkuye, bai sake ɗaga ido ba sai da ya haye gangaren.

Yana hayewa ƙasa ta soma rawa. Garke ne ke tahowa, ya cika hanyar daga bango zuwa bango. Shanu ne masu dogayen ƙaho, amma jikinsu ruwa ne garai, ana hango ƙananan kifaye na yawo a cikin cikkunansu. Makiyayan na bisa manyan tarwaɗa masu gashin baki, suna kora da sandunan kara. Sanyin garken ya bugi fuskar Cindo, harshensa ya manne da ganɗa. Ya san ƙamshin nan. Ruwan Baki Tara ne, mai ɗan garɗin ƙasa, wanda aka yi masa wankan farko da shi ranar da aka haife shi.

Wani makiyayi ya ja linzamin tarwaɗarsa ya tsaya a kansa. Ba shi da hanci, idanunsa kamar na mujiya.

"Ya kai matafiyi, laɓɓanka sun tsage. Ga saniya, kama nono ka sha. Yau kowa na sha kyauta."

Cindo ya durƙusa har ya miƙa hannu. Sai ya tsaya. "Kyautar me ake yi, ranka ya daɗe?"

"Sadakar mamatan Gazori ce. Sha ka yi musu addu'a."

Cindo ya mayar da hannunsa cikin aljihu don kada ya ci amanarsa. "Na gode. Ba zan ci sadakar mutuwata ba ina tsaye da ƙafata."

Makiyayin ya ɗaga kafaɗa ya wuce. Garken kuwa ba ranar ƙarewarsa, ga kifin rufi ya riga ya karkata. Cindo ya kwanta rub da ciki ya shiga ƙarƙashinsu da jan jiki. Kofatai na sauka dama da hagu, kowanne in ya bugi yashi sai ya fantsama ya sake haɗuwa. Ruwa na ɗiga masa a ƙeya yana gangarowa gefen bakinsa, shi kuwa ya datse haƙora. Wani bijimi ya taka igiyar ya finciko shi baya, haƙarƙarinsa ya bugi dutse. Ya jira ƙafar ta ɗaga, ya ci gaba. Da ya fita ɗaya gefen rigarsa sharkaf, maƙogwaronsa a bushe kamar tsohon ɓawo.

A gabansa ƙofa ce ta farin dutse, a buɗe.

Fadar zagaye take kamar cikin randa. Gefe guda magada ne zaune a jere, aljanun wasu ƙasashe da suka zo karɓar kasonsu: wani na toka, wani na kanwa, wani dogo siriri na jan rairayi wanda jikinsa ke zuba yana tattarowa. A tsakiya, bisa wani falalen dutse, mace ce zaune mai girman ɗaki, lulluɓe da farin mayafin takaba. Idanu tara ne kewaye da kanta kamar an jera duwatsun ado. Takwas a rufe, gishiri ya daskare a kansu. Na tara ne kaɗai a buɗe, wani siririn ruwa na gangarowa daga cikinsa zuwa wata tasa.

Cindo ya zube ya kai gaisuwa. "Allah ya ja zamaninki, Uwar Ido. Sunana Cindo, mai yasar Baki Tara. Na zo in shaida miki Birnin Gazori bai mutu ba."

Muryarta ta fito kamar daga cikin tulu. "Ya kai ɗan Gazori, da na so maganarka ta zama gaskiya. To in kuna raye, me ya hana guga?"

"Famfo aka kawo mana, ranki ya daɗe."

"Wane ne Famfo? Ɗan wane ne?"

"Ba shi da uba. Ƙarfe ne. Bututu ne da aka zuro ta yamma."

Idon nata ya ƙara buɗewa. "Wannan tsutsar da ta huda mu, tana tsotsa ba sallama ba godiya? Mun ɗauka irin mai cin gawa ce. Ita ce ma ta tabbatar mana."

"Mu ne ke sha ta bakinta. Murɗa kanta ake yi, ruwa ya zubo."

"Kullum ana murɗe mata kai, ba ta mutu ba?"

"Har yara ma murɗawa suke yi."

Fadawa suka dubi juna. Uwar Ido ta sunkuyo, ƙasa ta yi ƙara. "To a wajen tsutsar nan, ina ake jingina tulu a yi hira? Wa ke kama wa tsohuwa igiya? Ina ake jin wanda ya haihu da wanda ya saki matarsa?"

"Ana yi, ranki ya daɗe. Har faɗa ana yi. Sai dai bututu ba ya sauko da magana."

Ta yi ajiyar zuciya, iskar ta kaɗa rigar Cindo. "Shekara ɗari huɗu ina ba ku ruwa kuna ba ni labari. Ban taɓa neman wani abu ba. Akwai wata a baki na shida, mai murya kamar an yar da tasa, wadda ba ta taɓa jan guga ɗaya ba sai ta zagi mutum uku. Ita na fi yi wa kuka."

"Gwaggona ce, Tabawa, uwar wanda ke riƙe mini igiya. Tana nan da ranta. Ko da safen nan ta kira ni mai ƙafar agwagwa."

Aljanin jan rairayi ya miƙe, ƙura na zuba daga kafaɗunsa. "Allah ya ƙara miki girma. Tun da aka halicci ƙasa ba a taɓa karɓar shaidar mamaci a rabon gadonsa ba. Kason ido na tara nawa ne, kuma kifi ya kusa bango."

"Ya faɗi gaskiya," in ji Uwar Ido. "Murya ɗaya ba gari ba ce. Fatalwa ma tana da ita. A buɗe kunnuwan."

Bayi suka hau suka ɓanɓare yumɓu daga rufin fadar. Ramuka tara suka bayyana, kowanne da ɗigon hasken rana can nesa. Cindo ya ga igiyarsa, da ya ja ta ta kwari da ta garke, yanzu a miƙe take sambal daga ƙugunsa zuwa rami na shida.

"Ranki ya daɗe, yaya aka yi igiyar..."

"Yi shiru. Saurare nake."

Fadar ta yi tsit. Aka saurara. Ba tari, ba kukan jariri, ba ko haushin kare.

"Ka ji?" in ji aljanin rairayi. "Kabari."

Cindo ya ɗaga kai ya ƙwala wa Nomau kira da iyakar ƙarfinsa. Muryar ta hau kaɗan ta zubo masa a ka kamar tsakuwa. Ya sake, ta sake zubowa. Daga nan magana saukowa take yi, ba ta hawa. Ya waiga ta ƙofa, ya hango bakin farin kifin saura ƙiris ya taɓa bangon yamma.

Uwar Ido ta ɗaga yatsa. Wata baiwa ta ɗebo abin da ya taru a tasar cikin ƙaramar ƙwarya ta kawo masa. "Wannan ba sadaka ba ce, ruwan baƙo ne," in ji Uwar Ido. "Ko da rai ko babu, ka yi tafiya. Shi ne na ƙarshe daga idona. Wanda ya sha shi ba ya sake jin ƙishi har abada."

Cindo ya karɓa da hannu biyu. Ƙwaryar ta kai laɓɓansa. Ya san mutanensa suna can kewaye da rijiyar, zaune bisa ƙullin kayansu, kowa na adana yawun bakinsa. Gwaggo Tabawa kanta tun hantsi muryarta ta dushe. Me za su yi wa hayaniya? Mutanen Gazori ba sa faɗa a kan busasshiyar rijiya.

Ya sauke ƙwaryar.

"Ranki ya daɗe, ruwan nan nawa ne? In yi yadda na so da shi?"

"Naka ne."

Mai yasa da mai riƙe masa igiya suna da yarensu da ba ya bukatar baki. Ja ɗaya, saki. Ja biyu, ɗauke ni. Ja uku, zuro guga a kwashe laka. Cindo ya kama igiyar ƙugunsa ya finciko sau uku.

Shiru. Fatar ido na tara ta soma saukowa. Ya sake ja sau uku, yana cewa a ransa, Nomau, in barci kake yi, ko a lahira sai na fasa maka hular nan.

Sai ga wani abu baƙi na saukowa ta rami na shida yana juyi. Guga ne, tsohon wasakin Nomau mai faci biyu. Cindo ya tare shi, ya juye ƙwaryar a ciki har ɗigon ƙarshe, ya girgiza igiyar gugan. Ya tashi sama.

Magada suka fashe da dariya. "Gari guda zai shayar da ƙwarya ɗaya," in ji na kanwa.

Gugan ya ƙanƙance ya ɓace cikin hasken. Ido na tara ya rage kamar tsagar wuƙa.

Sai murya ta faɗo ta ramin, a dushe amma ba mai ɓata ta.

"Kai Nomau, mai hular aro, sake gugan nan. A bakinmu ya fito."

"Inna, ki bari in gani mana, ruwa ne ko..."

"In fasa maka baki ka gani. Ke Yalwa, janye ƙazamin hannunki, ku 'yan Marina bakinku na can, na uku."

"Rijiyar ta gadonki ce, Tabawa? Da aka rufe ta ina kike?"

"Ɗanki ne ma ya rufe ta ai, Tabawa," in ji wata muryar.

"Ruwa ne, jama'a, ruwa ya dawo!"

Abin da ya biyo baya ba a iya rarrabe shi. Ihu, zagi, kukan yara, ƙarar tuluna na karo, wani dattijo na roƙon a bi a hankali ana take masa ƙafa. Gugaye suka soma zubowa ta ramukan tara kamar ƙanƙara, na fata, na garwa, har da wata tukunyar miya ɗaure da rawani. Fadawa suka yi ta kaucewa.

Uwar Ido ta karkata kai tana saurare. Kafaɗunta suka fara motsi. Sai dariya ta ƙwace mata, dariyar da ta girgiza fadar, gishirin da ke kan idanunta ya tsattsage ya zube. Ɗaya, biyu, biyar, takwas, duk suka buɗe.

"Ita ce," ta ce. "Wallahi ita ce. Ku ji yadda ta haɗa da kakar yarinyar." Ta yaye mayafin takaba ta jefar. "A juyo da garken duka. Ba a raba gadon mai rai."

"An riga an kai kaso takwas," in ji aljanin rairayi, jikinsa na tafasa.

"A karɓo." Ta juyo da idanu uku kan Cindo. "Ya kai mai yatsa shida, ka gaya wa mutanenka su sha ta tsutsarsu in suna so, ban hana ba. Amma duk ranar da gari ya waye guga bai sauko ba zan koma takaba, kuma ba zan jira arba'in ba."

"Zan faɗa, ranki ya daɗe. Tambaya ɗaya ta rage mini. Kifin nan..."

"Ja igiyarka sau biyu. Garken ya iso ƙofa."

Ya ja. Ƙafarsa na barin ƙasa shanun suka kutso ta kowace kusurwa, suka narke suka zama ambaliya. Ruwan ya cim masa a cikin ramin, ya ɗauke shi kamar ɓawon gyaɗa ya yi sama da shi, fiye da saurin masu ja. Ya wuce Gansakuka na ta faman shimfiɗa gindin rijiya yana gunaguni. A gaba goma ruwan ya tsaya, hannuwa suka ƙarasa fito da shi. Ya kwanta bisa itacen ƙirya yana haki, ladan na kiran la'asar da muryar da ta sha ruwa.

Nomau ya tsuguna a kansa, idonsa ja, tafin hannunsa duk ya saɓule. "Ka daɗe, ragon banza. Na ce ko ka yi aure a can."

"Kai suka tambaya. Sun ce a aiko musu wanda ya yi musu kabari da kwanon rufi." Cindo ya miƙa hannu. "Gwaggo, ba ni in sha."

"Ka bi layi," in ji Gwaggo Tabawa. "Kana cikin ruwa tun safe, mu muna nan muna bushewa." Amma ta kafa masa gugan a baki, ta riƙe masa ƙeya har ya ƙoshi.

Ta sake jefawa. Ta ja, gugan ya ƙi tasowa. Ta zagi igiyar, ta zagi wanda ya tufka ta, sannan maza uku suka kama mata. Abin da ya fito ba ruwa ba ne kaɗai. Mace ce tsaye da ƙafa ɗaya cikin gugan, hannu ɗaya riƙe da igiya, ɗayan rungume da tulu. Doguwa ce, baƙa, da wata irin tsaga a kumatu da babu wanda ya taɓa gani a Gazori. Ta taka itacen ta sauko, ruwa na zuba daga zanenta. Hayaniyar ta mutu.

Ta dubi ganuwa, ta dubi kan famfon da ke bakin kasuwa, ta dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya.

"Shekara saba'in rijiyarmu na bushe," ta ce, da wata Hausa mai nauyi. "Shekaranjiya ta cika. Muka aika wa duk waɗanda suka yi ƙaura su dawo gida. Yau ina cikin ɗiba ruwan ya juya, ya taho da ni. Mazanmu ɗari uku sun sauka suna bin sawunsa ta ƙasa, ba da guga suka taho ba." Ta ajiye tulun a hankali. "Wane ne a cikinku ya je ya karɓe shi?"

Sai mutane suka dare gefe biyu, suka bar Cindo zaune shi kaɗai, igiya har yanzu ɗaure a ƙugunsa.